Kama-bango da almakashin Baba

Jama'ar Sabo. Duk wanda ya saba bi ta layinmu ya san gidan nan mai koren bango, wanda 'yan okada suke kwatance da shi. Tun da damina ta kama bana, mutum shida ko bakwai suka yi mana sallama suna neman reshe, su ma su dasa a nasu gidan. Ba mu hana kowa ba, sai dai mun ce su dakata tukuna. Mun ga gara mu rubuta abin da ganyen nan ya yi mana, da daɗin da wahalar, kowa ya karanta, sannan wanda har yanzu yake so ya zo da ledarsa.

Mu bakwai ne 'ya'yan gidan, ɗaki biyu. Fataucin goro ne ya kawo kakanmu Badun, shekaru bayan an yanka wa Hausawa wannan unguwa a 1916, kuma shi ya gina ɗakunan baya. Irin ginin da ne, jar ƙasa a ciki, filastar siminti a waje, kwano a sama. Katangar gaba da shagon da ke jikinta kuwa Baba ne ya yi su da bulo daga baya. Ku riƙe wannan bambancin a ranku, za mu dawo kansa.

Ruwan daren 26 ga Agusta 2011, wanda ya yi ɓarna a garin nan, mu bai ci mana ɗaki ba, alhamdu lillahi. Amma ya bar tsaga a bangon baya, daga ƙarƙashin tagar Inna har kusan ƙasa. Aka kira birkila ya cusa siminti ya shafe, wurin ya fito kamar faci a tsohuwar riga. A lokacin ƙaninmu yana tuƙi a wani gida a Bodija, kullum yana wuce wata katanga da ganye ya lulluɓe ta liƙis, ko bulo ɗaya ba a gani. Ya tambaya, aka nuna masa masu sayar da fulawa na bakin titi. Ran nan sai ga shi da 'yan tsirrai uku a ledar fiya wata.

Baba ya juya ledar, ya duba, ya ce, "Ana cin sa?" Aka ce a'a. "Magani ne?" Aka ce a'a, Baba, ado ne. Ya yi shiru. Shi masu yaɗon da ya sani su ne soso da kabewa da duma da garahuni. Su sai an ba su danga ko zana ko rumfa su naɗe da 'yan zarurrukansu, rani na zuwa su bushe, a yaye su a huta. Da aka ce masa wannan ba ya neman danga ba ya neman igiya, bango tsurarsa yake kamawa, kuma ba ya mutuwa da rani, sai ya ce, "To, abin da ke hawa bango ba tsani ai sai a sa masa ido." Ya yarda aka dasa biyu a gindin katangar gaba, ɗaya a baya don ya rufe facin nan. Masu sayarwa kirifa suke ce masa. A gidanmu Baba ya raɗa masa kama-bango, sunan ya bi shi.

Inna ce ta fara gane danginsa. Ta karya reshe, farin ruwa mai danƙo ya fito, ta ce wannan ai ɗan'uwan cediya da durumi ne. Ta kuwa canka. Daga baya ɗan yayarmu da ke karatu a Jami'ar Ibadan ya tabbatar mana cewa dangin ɓaure ne, masana suna ce masa Ficus pumila, asalinsa daga can gabashin Asiya, wajen ƙasar Sin da Japan. Shi ya nuna mana yadda yake kamu. In ka ɗaga sabon reshe a hankali za ka ga 'yan saiwoyi ƙanana a cunkushe kamar gashin burushi. Su ne suke fitar da wani ruwa kamar ƙaro su manne, sannan su shige duk wani ɗan rami da suka samu a jikin siminti. Ya ce har masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya yi bayanin wannan danƙon a littafinsa na tsirrai masu hawa da ya fito a 1875. Baba ya ce Allah mai iko, ashe har Bature ya sa masa ido.

Shekarar farko sai ka ce bai san abin da aka kawo shi yi ba. Dogayen rassan da muka sayo muka jingina da bango, muka ɗaure, suka ƙi kamawa. Da ƙaninmu ya koma wurin mai fulawa, sai ya ce masa tsohon reshe ba ya mannewa, kuma wanda aka ɓamɓare daga bango ba ya komawa. A datse su kusa da ƙasa, a jira sabon toho, shi ne mai kamu. Haka aka yi. Tohon na fitowa Baba ya riƙa kwantar da su da salatef, wannan dama, wannan hagu, don su bazu kamar mafici, kada su haye sama a layi ɗaya su bar ƙasa tsirara. Shekara ta biyu ya fara rarrafe. Ta uku kuwa, da gudu ya tafi. Kun san daminar Badun, tun wajen Maris ko Afrilu har Oktoba, ba irin ta gida ba ce da wata huɗu ko biyar ta tattara. Abin da yake so ke nan.

A nan Baba ya ɗauki gawayi ya hau tsani ya ja layi a bango, kamu ɗaya ƙasa da kwano. Ya zagaye taga da ƙofa da mitar wuta, ya bar wa kowanne tazarar tafin hannu biyu. Ya ce iyakarsa ke nan. Ya samo tsohon almakashin tela aka wasa masa. Duk Asabar biyu, bayan karin kumallo, sai mu ji ya ce, "Yau ranar aski ce." Duk tohon da ya leƙa bayan layi sai ya datse, duk wanda ya ɗago kai daga jikin bango sai ya datse. Jikoki suna ƙasa suna tsince ganye. Aikin bai fi rabin awa ba. Da hunturu ma sai a yi wata biyu ba a taɓa shi ba, don ba ya sauri in ba ruwa. Muna yi masa dariya, muna cewa Baba ya samu abokin hira. Shi kuma yakan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gaskiya mun ji daɗinsa. Ɗakin Inna yamma yake kallo, da can in zafin Fabrairu da Maris ya zo, bangon yakan riƙe zafi har bayan isha, sai an yayyafa ruwa ake iya kwanciya. Da ganye ya rufe shi, rana ta daina dukan siminti kai tsaye, ɗakin ya yi sanyi. Ruwan sama in ya bugo da iska, kan ganye yake silalewa. Lokacin zaɓe masu manna fosta suna zuwa katangarmu su tsaya su rasa inda za su shafa gam, su wuce gaba. Amare nawa aka ɗauka hoto a jikin katangar nan, ba mu san adadi ba.

Baba ya rasu a 2020, Allah ya jiƙansa ya yi masa rahama. Gida ya zama na gado, wato na kowa. Uku daga cikinmu suna nan Badun, ɗaya yana Shagamu, ɗaya yana Ikko, mata biyu suna gidajen mazajensu. Kuɗin hayar shago kowa ya san ranar da ake karɓa. Ranar aski kuwa, kowa ya ɗauka wani zai yi. Almakashin ya zauna a kan taga har ya yi tsatsa.

Damina uku aka yi a haka. Kama-bango ya shafe layin gawayi ya wuce. Da ya kai ƙarshen bango ya rasa inda zai hau, sai ya canza kama. Maimakon 'yan ganyayen nan ƙanana masu kwanciya, ya fara fitar da rassa masu kauri da suke miƙowa waje, da manyan ganye masu tauri, tsawon yatsa ko fi. Har 'ya'ya ya yi, koraye kamar ɓaure, yara suna jifa da su. Mu har murna muke yi wai ya girma. Ba mu san waɗannan manyan rassan ba sa kama bango ba. Rataye kawai suke, nauyinsu duka yana kan 'yan saiwoyin nan na ƙasa, kuma in iska ta taso suna tare ta kamar zani a kan igiya.

Alamu sun zo, mu ne ba mu karanta ba. Tagar Inna ta daina rufuwa. Ɓeraye suka samu matakala har cikin silin, dare ya yi ana jin gudunsu. Wani reshe ya kutsa ƙarƙashin kwano ya yi kauri ya ɗaga shi, ɗakin ya fara yoyo, muka sa bokiti. Busassun ganye suka toshe indararo. Zirnaƙo ya yi gida kusa da mita. Sannan ganyen ya zagaya ya tsallaka gidan maƙwabciyarmu ta baya, wata dattijuwa Bayarabiya da duk muke kira Iya, wadda ta fi wasunmu jin Hausa. Sau biyu tana aiko jikanta a gaya mana. Sau biyu muna cewa to, insha Allahu ranar Asabar.

Cikin azumin 2023, bayan an idar da tarawihi, aka taso da iskar nan ta farkon damina. Muna zaure muka ji ƙara kamar an yage babbar tabarma, sai kuma rugugi. Muka fita da fitilar waya. Ganyen bangon baya gaba ɗaya ya ɓallo daga sama ya kifo, ya taho da filasta fai-fai a manne a bayansa, ya faɗa kan rumfar da Iya take suyar ƙosai. Kwano biyu suka lanƙwashe, benci ya karye, kaskonta ya fashe. A kan bencin nan jikokinta suke zama kullum da yamma. Iskar ce ta kora su ɗaki, bai fi minti goma kafin nan ba. Har yau in muka tuna sai jikinmu ya yi sanyi.

Da safe Yaya babba ya ɗauki Kawu suka shiga ba da haƙuri, mu muna biye kamar marasa gaskiya, don marasa gaskiyar ne. Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Ya'yana, shekara arba'in muna bango ɗaya da babanku. Ganye ɗaya bai taɓa bari ya leƙo gidana ba." Ba wanda ya iya ɗaga kai. Da ta ga jikinmu ya mutu, sai ta yi dariya ta ce ganyen namu halin masu shi ya ɗauko, ya zo baƙo a leda, ga shi ya kama gari. Kawu ya ce, "Iya, ai mu mun san iyakarmu, shi ne bai samu mai gaya masa ba." Aka yi dariya, aka sha iska. Muka biya kwano da benci da kasko, muka ƙara da kuɗin cinikin kwana uku da ta rasa. Ta karɓi na kayan, ta mayar da na cinikin.

Mu a ranmu laifin ganye ne, shi ya fasa mana bango. Birkilan da muka kira, wani dattijo da ya daɗe yana aiki a unguwar nan, bai ce komai ba sai da ya ciro makulli daga aljihu. Ya riƙa ƙwanƙwasa sauran filastar yana kasa kunne. Nan ta yi ƙara kamar ƙwarya, can ma haka. Ya ce wannan ta daɗe da rabuwa da jar ƙasa, tsayuwa kawai take yi. Ya nuna mana tsagar 2011, ta buɗe har hannu yana shiga, ga saiwa kaurin babban yatsa ta bi ta ciki, ƙasar wurin jiƙe sharkaf saboda indararon da ya toshe yana zuba a kai. Sai ya zagaya da mu katangar gaba, ya raba ganye ya ƙwanƙwasa, ƙarar ta fito tsaf kamar dutse. Ya ɓamɓare reshe ɗaya, ba abin da ya biyo shi sai ɗan tabo. Ya ce, "Alhaji, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bango mai lafiya fatarsa kawai yake riƙewa. Wancan kuwa kun rufe ciwo da riga, shekara goma sha ba wanda ya ɗaga ya duba."

Bayan salla muka yi taron gida. Yaya babba ya ce a tumɓuke shi duka a huta, a yi fenti kamar kowa. Inna, wadda ba ta cika magana a taro ba, ta ce ba za a cire abin da Malam ya reno da hannunsa ba tana raye. Aka yi ta ja. Daga ƙarshe maganar birkila ce ta raba gardama: a cire na bangon ƙasa har saiwa, a bar na katangar bulo, a mayar da shi cikin layi, kuma a rubuta sunan mai aski na kowane wata a manna a zaure.

Cirewar ma sai da muka koya. Ranar farko muka kama fizga da ƙarfi, filasta tana biyowa. Birkila ya tsayar da mu. Ya sa muka sare shi a gindi da adda, muka bar shi mako biyu zuwa uku ya yi yaushi, sannan muka riƙa ɓamɓarowa daga sama zuwa ƙasa, kaɗan-kaɗan, da wuƙar fenti. 'Yan saiwoyin da suka rage sai da burushin waya. Kututturen muka tone shi, muka bi saiwarsa, sai ga ta ta tafi taku goma sha ta nufi kwata, don ruwa take nema. Wani guntu da muka bari a ƙasa ya sake toho bayan wata ɗaya, muka koma muka tone. Rassan da muka zubar a bayan gida ma wasu suka kama ƙasa, dole muka kwashe muka shanya suka bushe aka ƙone. Ɗayanmu ya yi aikin hannu tsirara, farin ruwan nan ya sa masa ƙaiƙayi kwana biyu, ya kuma goge ido da shi ya sha wuya. Tun daga nan sai da safar hannu.

To, ga abin da za mu gaya wa masu neman reshe. Kafin ka dasa, ɗauki makulli ka bi bangonka ka ƙwanƙwasa. In ka ji ƙarar ƙwarya, ko ka ga tsaga, ko fenti yana ɓarewa, gyara tukuna. In ginin ƙasa ne da aka yi wa filasta, irin tsofaffin gidajenmu na nan Sabo, ka haƙura da shi gaba ɗaya, ka kafa waya ko katako ɗan nesa da bango ka sa soso ko wani mai naɗewa, wanda in ka gaji da shi za ka yaye a yini ɗaya. Kada ka bar shi ya taɓa katako, ko na taga ko na rufi, don yana riƙe danshi kuma yana ɓoye hanyar gara. Kada ka dasa kusa da rijiya ko masai ko bututun ruwa. Wanda ya dasa a rabin duro ya fi samun sauƙi, don saiwar ba ta yawo, sai dai ya riƙa ba shi ruwa da rani.

In ka dasa, ja layinka tun yana ƙasa, kamu ɗaya ƙasa da kwano, tafin hannu biyu daga taga da ƙofa da mita da wayar wuta. In katangar ta haɗa ka da maƙwabci, ka tsayar da shi kafin ya kai kanta, kuma ka je ka gaya masa kafin ka dasa. In gidan haya kake, sai da yardar mai gida, don tabon da yake bari fenti ɗaya ba ya rufe shi. Da damina aski duk mako biyu. Kada kaurinsa daga jikin bango ya wuce faɗin tafin hannu, in ya wuce ya zama gidan ɓera, kuma inda ɓera yake maciji yana iya biyo shi. Babban ganye kuwa, ranar da ka gan shi ranar za ka yanke reshen daga tushe. In za ka yi aiki kusa da waya, kashe wuta daga mita, ka hau tsanin katako, wani ya riƙe maka. Sannan sau ɗaya a shekara, da hunturu, ka raba ganyen wuri-wuri ka duba lafiyar bangon da ke bayansa.

Yanzu bangon baya an sake masa filasta, an shafa farar ƙasa. Ɗakin Inna ya koma zafinsa na da, muka haɗa kuɗi muka sa mata fanka mai caji. Katangar gaba tana nan kore shar, layin gawayi ya dawo. Takardar zaure tana aiki, ko da yake sai an yi wa na Shagamu waya sau biyu kafin ya turo ɗansa. Almakashin Baba an kankare tsatsar an wasa shi, yana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Iya takan leƙo ranar Asabar ta ce a gyara ta can gefen, ya fara ɗaga kai.

Masu son reshe, ku zo ranar Asabar da hantsi, lokacin aski, ku ga aikin da idonku, ga rassa nan a ƙasa kyauta. Tambaya ɗaya za mu yi muku kafin ku ɗauka: a gidanku wa zai riƙe almakashi, kuma in ba ya nan wa zai karɓa? Allah ya jiƙan iyayenmu, ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.